Sarin Atamfa a Kwari, Kallon Taurari a Gwale

Ankon bikin ƙanwata ne ya kai ni Kano daga Azare. Mai adaidaita sahun da ya ɗauke ni daga tasha ya gane baƙo ne ni, ya ninka kuɗi, da na yi magana sai ya ce, "Malam, in ba ka da shi sauka." A garinmu kunya ma za ta hana shi. Kwari kuwa akwai sauƙi, turmin atamfa ya fi na gida araha, in dai ka iya ciniki.

A gidan Yaya na sauka, a Gwale. Malamin kimiyya ne, yana da ɗan madubin hangen nesa da ba ya bari yara su taɓa. Bayan isha'i aka ɗauke wuta, kowa na tsaki, shi ko murna: "Kai, ɗauko tabarma mu hau bene!"

Ya saita madubin a kan Andromeda, tarin taurarin da haskensa ke shafe shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mana. A gefensa ga wani ɗigo dishi-dishi, wai M32, shi ma ƙaramin tarin taurari ne. Yaya ya ce taurarin Andromeda gefe guda suke juyawa. M32 kuwa dunƙulalle ne, kowane tauraro da inda ya dosa, wani ya ratsa tsakiya ya ɓulla can, wani ya kewaya, "kamar mutanen da ka baro a Kwari." Ba sa karo saboda tazarar da ke tsakaninsu, kuma wannan kai-komon ne ke hana su ruftawa tsakiya.

To amma Andromeda ya fi M32 nauyi nesa ba kusa ba, yana jan sa. Taurarin gefe, da riƙonsu ba ƙarfi, su ake fizgewa, na tsakiya su tsira. Masana da dama na ganin haka M32 ya ƙanƙance. Tun 1977 ma masanin taurari Alar Toomre ya ce idan manyan tari biyu masu juyawa suka haɗe, juyin kan hargitse a sami irin wannan dunƙulallen.

Na dai faɗa wa Yaya gaskiya, samanmu ta Azare ta fi tasu tsabta. Ƙura da fitilun masu janareta sun cinye rabin taurarin Kano.

Washegari na biya Agadasawa sayen kilishi. Ya yi tsada, amma ya ci kuɗinsa. Motar komawa ba ta cika ba sai bayan azahar.