Daren soyayyen kifi a Galena

Kwana biyar ke nan da dawowata Gusau, amma har yanzu Galena, wani ƙaramin gari a jihar Illinois ta Amurka, bai fita raina ba. Ɗan wana da ke karatu a Shikago ne ya matsa mini: "Baffa, kada ka koma gida ba ka ga ƙauyen Amurka ba." Awa uku muna keta gonakin masara ta yamma, ni dai barci na sha.

A gidan tarihin garin na wartsake. An ajiye wani dutse toka-toka mai ƙyalli, na sunkuya na duba, na ce wa yaron, "Kai, ai wannan tozali ne!" Shi ne dai wanda kakarmu ke niƙawa ta ɗura a tandu. Ashe sunan dutsen aka laƙaba wa garin, kuma daga cikinsa ake narko dalma. Wajen 1845 mafi yawan dalmar Amurka daga yankin nan take fita, jiragen ruwa na lodi suna gangarawa kogin Misisifi. Jama'ar garin sun taɓa kai 14,000, yau kuwa 3,300 ne da 'yan kai. Zinaren Kalifoniya ya janye mahaƙa tun 1849, laka ta cike kogin garin, kasuwa ta watse. Ina tsaye a wurin ƙauyen Bagega na jiharmu ta Zamfara ya faɗo mini a rai, da yaran da gubar dalma ta kashe mana a 2010. Na daɗe ban iya magana ba.

Da yamma muka shiga zauren ƙungiyar Elks, wata ƙungiyar zumunci da aka kafa a New York a 1868. Ana sayar da soyayyen kifi don tara kuɗin taimako. Faranti dala 15! Na buga lissafi da naira, gabana ya faɗi, amma na biya. Dattawa ne masu furfura ke suya da wanke-wanke, ba ɗan aiki ko ɗaya. Na tambayi wata tsohuwa ko da giya a kwaɓin fulawar. Ta ce akwai, ta kuma hana ni taɓawa. Da kanta ta shiga kicin ta gaso mini wani da lemon tsami, ta tsaya a kaina har sai da na ɗanɗana. Da aka zo da tikitin sa'a na ce addinina bai yarda da caca ba. Ba ta ɓata fuska ba, kwalba kawai ta nuna mini, na jefa dala 10.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne takardar da aka manna a bango: ga abin da aka tara, ga wanda ya tafi tallafin karatun yara, ga na tsofaffin sojoji. Babu maroƙi, babu babban baƙo. Mu kuwa sai a kafa rumfa, a ɗaura lasifika, a yi ta shelar alkawarin miliyoyi, bayan wata shida ka nemi ma'aji ka rasa. Alhali gayya da karo-karo namu ne tun kaka da kakanni. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Washegari muka je gidan Janar Grant. A 1860 ya zo garin yana tsare shagon fatun mahaifinsa. Da ya dawo daga yaƙin basasa a 1865, mutanen gari suka haɗa kuɗi suka saya masa gidan jan bulo, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1869. Ashe halin tsoho ne a wurinsu.

Shagunan babban titi tsada kamar me. Guntun tozali kaɗai na saya. A filin jirgi wani jami'i ya zazzage mini jaka a kansa, yana magana ko kallona bai yi ba. Dutsen yana nan saman kabad, inda hannun yara ba ya kaiwa.