Ranar da rabin fuskata ya ƙi motsi

Da safe na shiga kurkurar baki, sai ruwan ya riƙa zubowa ta gefen dama. Na sake gwadawa, ya sake zubowa. Da na ɗaga kai na dubi madubi, bakina ya karkace ya koma hagu, idon dama kuma ya ƙi rufuwa, ina matse shi yana nan a buɗe yana ta hawaye. Kwana biyu kafin nan na ji wani ciwo a bayan kunnen dama, na share shi, na ce kwanciya ce ta yi min ba daidai ba. Yayata ce ta kai ni asibiti, duk hanya ba ta ce uffan ba, amma na san abin da ke ranta, don shi ne a raina: shanyewar ɓarin jiki.

Likitan da ya duba ni ya sa na ɗaga hannuwa biyu, na matse masa yatsu, na yi magana, na taka daga bango zuwa bango. Sannan ya ce, "Malama, ɗaga min girarki." Ta hagu ta tashi, goshi ya yi layi-layi a wajen. Ta dama ko gezau, goshin sumul kamar an yi masa guga. Ni a nan hankalina ya ƙara tashi, shi kuwa a nan ya sauke numfashi. Ya bayyana min cewa tsokar goshi tana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, saboda haka idan matsalar a ƙwaƙwalwa take, galibi baki ne ke karkacewa goshi ya ci gaba da motsi. Idan kuwa goshi, ido, kunci da baki duk sun tsaya tare a ɓari ɗaya, to jijiyar fuskar ce da kanta ta kumbura. Ciwon yana ɗauke da sunan Charles Bell, likitan Sikotilan da ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821. Zan faɗa tun yanzu, kada kowa ya tsaya gaban madubi ya yanke wa kansa hukunci da wannan gwaji. Bakin da ya karkace kwatsam na asibiti ne a wannan sa'ar, kuma ko da jijiyar ce kawai, maganin rage kumburin ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3.

Makonnin da na yi ina jiran fuskata ta dawo, karatu na yi a kanta, ina karantawa ina taɓawa. Shekara da shekaru ina wanke wannan fuska ina shafa mata mai, ban taɓa sanin abin da ke ƙarƙashin yatsuna ba.

Jijiyoyi 12 ne a kowane ɓari suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, tawa da ta tsaya ita ce ta 7. Tana bi ta wata siririyar hanya mai lanƙwasa a cikin ƙashin kunne, hanyar da ba ta da wurin buɗawa. Da zarar jijiyar ta kumbura, ƙashi ya matse ta, saƙo ya daina wucewa. Kafin ta fito fili tana ba da rassa a hanya, kuma su ne suka warware min abubuwan da suka ɗaure min kai. Ɗaya yana zuwa wurin da ake samar da hawaye. Ɗaya yana ɗauko ɗanɗano daga gaban harshe, shi ya sa komai ya zama salam a gefen dama. Wani kuma yana zuwa wata 'yar tsoka a cikin kunne wadda ke rage ƙarfin ƙara, tana riƙe da ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, wanda tsawonsa bai wuce milimita 3 ko makamancin haka ba. Da ta daina aiki, ƙarar cokali a kan faranti sai da na riƙa toshe kunne.

Daga nan jijiyar ta fito ta wani ɗan rami a gindin ƙoƙon kai, kusa da tudun ƙashin nan da ke bayan kunne, ta kutsa cikin babbar jakar miyau da ke gaban kunne, wadda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. A cikinta take rabuwa gida biyar. Ki ɗora gindin tafin hannunki a kan kunne ki baza yatsu zuwa gaba: reshe ɗaya ya nufi goshi, ɗaya ido, ɗaya kunci, ɗaya leɓen ƙasa, na ƙarshe wuya. Tsokokin da suke motsawa kuma daban suke da na sauran jiki. Tsokar hannu ƙashi take ja, su kuwa waɗannan a fata suke maƙale, fatar suke ja. Murmushi, harara, ɗaure fuska, zumɓura baki, duk daga nan suke.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a duk tsawon ciwon ina jin taɓi a kuncina, kuma ina iya tauna. Ashe wannan aikin wata jijiyar ce, ta 5, mai rassa uku: na goshi, na kunci da na muƙamuƙi. Ƙarshen rassan yana fitowa ta ƙananan ramuka uku, ɗaya a kan gira, ɗaya a ƙarƙashin ido, ɗaya a gefen haɓa, kuma kusan a layi ɗaya suke a tsaye. Idan aka lalubi ƙashin gira a hankali, ana iya jin ɗan tsagin da na sama yake fitowa. Reshen ƙasa shi likitan haƙori ke yi wa allura har leɓe ya yi nauyi, kuma shi ne ke motsa tsokokin tauna.

Ƙasusuwa 22 ne a ƙoƙon kai, 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 na fuska ne, kuma duk a ɗinke suke da juna in ban da muƙamuƙi. Ki sa yatsa a gaban ramin kunne ki buɗe baki a hankali. Da farko zai juya kamar ƙyaure, in kin ƙara buɗewa sai ki ji kan ƙashin ya zame gaba. Akwai wani ɗan faifai mai laushi a tsakanin ƙasusuwan biyu, shi ne ke yin ƙas-ƙas a bakin wasu mutane. Daga wajen, wata gadar ƙashi ta miƙe zuwa tudun kunci. Ki ɗora yatsu a samanta ki cije haƙora, za ki ji tsoka ta taso. Faffaɗa ce kamar mafici, ta rufe gefen kai, ta tsuke ta ratsa ta ƙarƙashin gadar ta kama muƙamuƙi. Masu cije haƙora cikin barci su ne ke tashi da ciwo a daidai nan.

Ƙarƙashin wannan tsoka akwai wurin da har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Kamar faɗin yatsu biyu sama da gadar, ɗan baya kaɗan da wutsiyar ido, ƙasusuwa huɗu sun haɗu, likitoci na kiran mahaɗar teriyon. Ƙashin wajen siriri ne, kuma ta cikinsa wata jijiyar jini take kwance, mai kai jini ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Idan duka ko faɗuwa ya tsaga ƙashin, jijiyar na iya yagewa, jini ya riƙa taruwa tsakanin ƙashi da tantanin. Mugun abin shi ne mutum na iya miƙewa ya kakkaɓe jikinsa, ya yi hira, ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali jinin yana ta matse ƙwaƙwalwa. Bayan sa'o'i kaɗan sai ciwon kai mai tsanani, amai, barci mai nauyi, ƙwayar ido ɗaya ta buɗe. Haka ya faru da 'yar wasan Ingila Natasha Richardson a 2009: ta faɗi tana wasan zamiya a ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, bayan kwana biyu ta rasu. Idan an kai mutum da wuri aka buɗe aka kwashe jinin, da yawa suna warkewa sarai. Tun da na san haka, duk yaron da ya bugu a gefen kai ba na yarda a ce a bar shi ya kwanta ya huta. Kuma in zan sa wa ɗana hular kwano, sai na duba ta sauko ta rufe gefen nan.

Ni dai ido ne ya fi ba ni wahala. Da rana ina ɗiga masa magani, da dare in rufe shi da filasta, don idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake yi har ya yi rauni. A mako na uku na ga kusurwar bakina ta ɗan girgiza, na kira yayata ta zo ta gani, muka tsaya gaban madubi muna jira ta sake. Wajen wata huɗu komai ya dawo, sai abu ɗaya. Lokacin da zaruruwan jijiyar ke sake tohowa, wasu da ya kamata su nufi baki sun bi hanyar ido. Shi ya sa har yanzu in na yi dariya sosai, idona na dama yakan ɗan tsuke.