Asabar, na zare kebul ɗin birkin hannu

Kwana biyun nan tayar baya ta hagu tana ɗaukar zafi. In na ɗan yi tafiya na tsaya sai in ji ƙauri, in kuma na saki birkin hannu sandar ta sauka sako-sako amma motar na tashi da ƙyar. Da na leƙa ƙarƙashi na ga dalili. Robar da ta lulluɓe kebul ɗin ta tsage, ruwa ya samu hanya, tsatsa ta kama wayar ciki. In an ja ta tana zuwa, komawar ce ba ta yi, shi ya sa lainin, wato ƙarafa biyun da ke kama birki daga ciki, ke ta gogar diram, kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Yau na ce sai ta fita.

Na sa motar a giya, na tokare tayoyin gaba da katako, tunda abin da ke riƙe ta shi zan kwance. Na sassauta notocin taya, na ɗaga da jak, na ɗora ta a kan matokaran ƙarfe. Jak kaɗai ba ya isa mutum ya shiga ƙarƙashin mota.

Kafin in taɓa diram sai da na bi kebul ɗin zuwa tsakiyar mota, inda wayoyin baya biyu ke haɗuwa a ɗan ƙarfen da ke raba musu ja daidai. A tawa motar notin gyara a nan yake, a wasu kuma yana gindin sandar. Na fesa masa man kwance tsatsa, na bari ya sha, na warware shi har wayar ta saki jiki. Da yawa sukan tsallake wannan su je suna kokawa da waya a miƙe tam, kuma a ganina rabin wahalar aikin daga nan take.

Diram ya ƙi fita. Lainin ya ci cikinsa har ya bar tudu a baki, ga kebul da ya liƙe yana tura lainin waje. Ta ɗan ramin da ke faifan baya, wanda lainin ke zaune a kansa, na zura sukuddireba, na ɗage harshen da ke tare ɗan ƙarfe mai haƙora da ke daidaita lainin, na juya shi baya har lainin suka ja ciki. Sannan na ɗaura bolti biyu masu milimita 8 a ramukan fuskar diram, wannan kaɗan, wancan kaɗan, sai ji na yi ƙas, ya saki.

Ƙanena da ya zo taya ni ya sunkuya zai hure ƙurar, na ce kul.

"Yaya, ai ƙura ce kawai."

Na ce masa tsofaffin lainin akan same su da asbestos, wani ma'adini mai ƙura mai cutarwa, kuma huhu ba ya iya fitar da shi. Da maganin fesawa muka wanke. Na kuma ja masa kunne kada ya taka birki diram na waje, don fistin ɗin silindar da ke tura lainin za su fito, man birki ya zube.

Na ɗauki hoto da waya kafin in cire ko sifirin ɗaya, birkin tayar dama kuwa ban taɓa shi ba, don in riƙa duba yadda aka haɗa shi. Na cire sifirin na sama da na ƙasa da masu danne lainin, sai lainin na baya ya faɗo hannuna da ɗan hannun ƙarfen da kebul ke ja. Ƙarshen wayar yana da dunƙulen ƙarfe da ke zaune a ƙugiyar hannun, dogon sifiri na tokare shi. Na ja sifirin baya da filaya, na karkata hannun, dunƙulen ya zame.

Inda aikin yake shi ne wajen da kebul ya ratsa faifai. Akwai harsuna uku na ƙarfe a bakinsa waɗanda ke buɗewa kamar lema da zarar sun shige ramin, kuma sai an matse su gaba ɗaya a lokaci guda kafin ya koma baya. Da sukuddireba ka danne ɗaya, kafin ka kai ga na biyu na farkon ya tashi. Ja da ƙarfi ba ya yi, sai dai ka lanƙwasa faifan. Abin da na yi, na zura sifana mai zobe lamba 13 ta kan wayar da sifirin, na tura ta har ta hau harsunan ta haɗiye su duka ukun. Ƙanena yana baya yana jan kebul yana ɗan murɗawa, ni ina tura sifanar. Da bakin harsunan ya shige ramin na janye sifanar, ya ƙara ja, kebul ya fito. Wanda sifanarsa ba ta dace ba yana iya ɗaure harsunan da ƙaramin kilif na tiyo, ya sassauta shi in sun fara shiga.

Saura kilif biyu da ke riƙe shi a jikin mota, ba su ba da wahala ba. Da na lanƙwasa tsohon a hannu, jan gari ne ya riƙa zubowa daga tsagar, wayar ko motsi ba ta yi.

Na zagaye silindar da roba don kada fistin su zame cikin dare, na jera sifirin a tire yadda suka fito. Kebul ɗin dama ma zan canja shi, tunda shekarunsu ɗaya. Gobe zan gwada tsawon sabon da na tsohon kafin in zura, in daidaita lainin da diram tukuna, sannan in koma kan notin tsakiya.