Asabar a Canal Street, kusa da kawun amarya

Manchester, Asabar da dare.

Yau aka yi wa abokiyar aikinmu taron ƙawaye, irin wanda Turawa ke yi wa amarya kafin ɗaurin aure. Tun watan jiya aka tara kuɗi. Da na tambayi abin da za a yi, aka ce cin abincin rana ne da wasan dirag, wato maza su yi shigar mata su hau dandali suna rawa da barkwanci. Ba baƙon abu ba ne a kunnena, don a ɗakin hutunmu na wurin aiki ba a rabuwa da hirar gasar dirag ta RuPaul a talabijin, wadda aka fara a Amurka a 2009, BBC kuma ta kawo ta Birtaniya a 2019. Sai dai ji daban, zuwa daban. Na yi ta jan ƙafa. To amma yarinyar nan ita ta karɓar min aikin dare ranar babbar Sallah ba tare da na roƙe ta ba, da wane bakin zan ce mata a'a? Na ce zan zo in ci abinci in yi mata fatan alheri, in kama gabana kafin magariba, wadda a Disambar garin nan ba ta kai ƙarfe huɗu.

Daga tashar Piccadilly tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa Canal Street, layin da ke bakin tsohuwar hanyar ruwan Rochdale. Kowa a Manchester ya san unguwar ta masu neman jinsinsu ce. Abin da na tarar a cikin zauren kuwa mata ne maƙil. Tebur uku na amare, ɗaya na wata mai bikin cika shekara hamsin, sai wasu iyaye mata da 'ya'yansu. Mazan da ke wurin ba su taka kara sun karya ba, in ka cire masu rabon abinci.

Aka ajiye ni can ƙarshen tebur, wurin waɗanda ba sa shan giya. Mu biyu ne kawai. Na ɗauka wata dattijuwa ce daga dangin amarya: siket mai ruwan toka har ƙasan gwiwa, rigar sanyi ruwan ƙasa, ɗan kunne ƙarami, takalmi shimfiɗaɗɗe, jaka a kan cinya an riƙe ta hannu biyu. Sai da muka gaisa na ji muryar. Amarya ta leƙo ta ce min, “Kawuna ne, ƙanen babata, ki kula min da shi.” Shi ma da bakinsa ya ce namiji ne, kuma haka yake so a kira shi. Ya yi aikin gyaran siginar jirgin ƙasa har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, yana da 'ya'ya biyu da jika. Ni dai Kawu na sa masa a zuciyata, don furfurarsa ta wuce in kama sunansa gatsau.

Aka kashe fitilu, kiɗa ya tashi. Ta farko da ta fito, in ce ta ko in ce ya, tsawonta da takalmi mai tsini da tulin gashin kanti ya kusa taɓa silin. Ciko gaba da baya, gashin ido kamar mafici, girar asali an shafe an zana wata a tsakiyar goshi, riga sai walƙiya take. Ba su rera waƙa da bakinsu, faifai ake sakawa su bi shi da motsin leɓe, kuma a nan gwanintar take: numfashin mawaƙiyar ma sai sun kwaikwaya. Wata ta yi tsalle ta faɗo ƙasa warwas, ƙafa ɗaya a naɗe, zaure ya ɗauki ihu. Ni gwiwarta na tausaya wa. Ba zan ɓoye ba, na yi dariya sosai wurin barkwancin, musamman da aka tasa uwar ango a gaba. Akwai aiki a cikin abin nan, kuma mutanen sun iya sana'arsu.

Amma wani abu ya riƙa sukata. Macen da suke nunawa ba ta da aiki sai gatsine, zagi, kwaɗayin maza da kishin 'yar'uwarta. Na dubi matan da ke teburinmu, masu kwana a tsaye suna juya marasa lafiya, suna tafa wa wannan hoton nasu har da hawaye. Wataƙila sun fi ni gane wasan.

Can tsakiyar shiri sai mai gabatarwa ta sauko tana zagaya tebura da makirfo. Ta iso kanmu. Ta dubi hijabina, ta ɗan rusuna, ta ce barka da zuwa, ta wuce ni. Sai idonta ya faɗa kan Kawu. Ta ce a haska nan, ga wata 'yar'uwa ta zo neman aiki amma ta manta kwalliyarta a motar haya. Zaure ya kwashe. Kawu ya yi murmushi, ya ɗaga hannu kaɗan, amma ina ganin yatsunsa sun ƙanƙame jakar nan har sun yi fari. Amarya ta sunkuyar da kai.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na ce masa, “Sannu, abin bai yi daɗi ba.” Ya ce ai ya san za a rina, don 'yar yayarsa kawai ya zo. Daga nan hira ta ɓalle, kuma ita ce dalilin da ya sa nake rubutun nan maimakon in kwanta.

Ya ce tun yana ɗan shekara tara yake saka kayan yayarsa a ɓoye, bai san dalili ba, har yau kuma bai sani ba. Ba ya sha'awar maza, ba ya son a yi masa tiyata, bai taɓa jin shi mace ba ne. In ya saka kayan dai hankalinsa kan kwanta. Burinsa in ya fita, ya shiga kanti ya sayi burodi da madara ya fito ba wanda ya ɗaga kai. Sa'a biyu yake yi gaban madubi don kada a gan shi. Su kuwa na kan dandali sa'a biyu suke yi don kada a ga kowa sai su. Ya ce, “In an tashi za su cire gashin su wanke fuska su sa wando su hau tasi. Su aiki suka zo.”

Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, mutane sun haɗe su wuri guda. Tun da gasar nan ta cika talabijin, in yara matasa suka gane shi a bas sai su tambaye shi ƙarfe nawa wasansa zai fara. Wata maƙwabciyarsa, da kyakkyawar niyya, ta taɓa roƙonsa ya zo ya nishaɗantar da baƙi a bikin haihuwarta.

Ya ce Ingilishi sun daɗe da sabawa da namiji cikin riga, muddin abin dariya ne. Kafin 1660 mata ba sa hawa dandalin wasan kwaikwayo a Ingila, samari ne ke fitowa a matsayinsu. Yanzu haka da ake cikin lokacin Kirsimeti, kowane babban gari na da wasan yara da ake kira fanto, inda ƙaton namiji ke fitowa a matsayin uwa ko bazawara, kakanni su kai jikoki a yi ta dariya. Ya tuna min da Paul O'Grady, wanda ya yi suna da shigar Lily Savage, ya fito daga gidajen giyan Landan har ya zama na kowa a talabijin, ya rasu a 2023. Surukar Kawu ba ta wuce shirinsa. Amma ranar da ta ji labarin abin da mijin 'yarta ke ajiyewa a akwatin saman sif, shekara ta yi ba ta taka gidansu ba.

Na tambaye shi ko duk irinsa haka suke kallon wasan. Ya ce a'a, sam. Akwai ƙungiyarsu, Beaumont Society, tun 1966 aka kafa ta, kuma a farkonta ma ba ta karɓar masu neman maza, don galibin mutanenta magidanta ne masu tsoron a yi musu kuɗin goro. Tsofaffin da suka taso a wannan tsoron su ne har yau ba sa son a haɗa su da dirag. Matasan kuwa da yawa suna so. Wani a cikinsu ya ce masa wurin irin wannan wasan ne ya fara fita da siket, don a nan ne kawai ya tabbata ba mai dukansa. Kawu ya yarda da wannan. Ya kuma yarda cewa dabarar ɓoye shatin gemu, a fara shafa jan-lemo kafin hoda, a YouTube ya koya daga hannun masu dirag ɗin. Kuma 'yan matan kantin kayan kwalliya yanzu ba sa zare ido in ya zo. Ya ce, “Sun buɗe mana ƙofa, amma da sharaɗin mu shigo muna rawa.” Ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Shi ma ya juyo da tambaya: a ƙasarku fa? Na ce muna da 'yan daudu, na ɗan kwatanta masa. Ban yi nisa ba aka dawo da kiɗa. Na duba agogo, na rungumi amarya, na yi wa Kawu sallama. A bakin ƙofar baya na ga ɗaya daga cikin masu wasan, gashin a hannu, kai a aske, ya yafa jaket kan rigar walƙiya yana waya, yana cewa saura wasa biyu kafin ya tashi, a ajiye masa abinci.

A jirgin dawowa tambayar Kawu ta ƙi barina. Ni na san hukuncin addinina, hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari a kan maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza ba ɓoyayye ba ne, kuma zaman yau bai canza min shi ba. Abin da nake juyawa halinmu ne. Ina ƙarama a Kano, bikin da ya amsa sunansa da wuya ka rasa ɗan daudu a bayan gida, zani ɗaure a ƙirji, yana tuyar kaji yana sakin habaici, manyan mata na riƙe ciki. A bakin tasha wurinsu ake layin shinkafa da miya. A finafinanmu, in ana son dariya mai arha sai a sa wani ya karya murya ya riƙe ƙugu ya tafa hannu. Ko a tashe muna yara, wa ya hana mu ɗaura wa ɗayarmu rawani da babbar riga? Duk wannan wasa ne, ana so. Amma ɗan daudun nan da ya ciyar da biki, in ya bi ta layi da yamma, yaran gidan ne za su bi shi da jifa, uwarsu kuma tana ji ba za ta tsawata ba. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, wasu sun sauke farali, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 suka ƙara ja baya daga idon jama'a. A 2022 har ƙudiri aka kai majalisar wakilai na hana shigar da ba ta jinsin mutum ba, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne an ware masu yi don wasan kwaikwayo da nishaɗi. Ko Bobrisky, mai shigar matan nan da dubban mutane ke bi a intanet suna zagi suna kallo, da aka tashi ɗaure shi wata shida a 2024, a kan liƙin naira ne.

Bayan isha na kira Yaya. Na ba ta labari tiryan-tiryan. Ta yi salati ta ce, “Ke yanzu abin da ya kai ki Ingila ke nan? Kar ki kuskura Hajiya ta ji.” Na ce to. Ta tambayi yadda gashin yake, da ko da gaske ne suna tafiya a kan takalmin ba su faɗi. Sai na tambaye ta mutumin nan da ya yi mana girki a bikinta, mai cewa kowa “ƙawata”, wanda ya sa Anti ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

Ta yi shiru tana tunani. Ta ce ai ya rasu, an kwana biyu. Na ce wa ya je gaisuwa daga gidanmu? Ta ce, “Ke ma dai da wata magana. Wa zai je?” Sai ta ce Allah ya jiƙansa, ya iya dambun nama, ta koma zancen ankon bikin 'yar Kawu Babba, wai in turo kuɗina kafin Laraba in ba haka ba atamfar za ta ƙare.