Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jinin da Aka Ce Na Ɗaure

Makon jiya na tsaya a inda ƙanwar maigida ta buɗe jakata wai tana neman abin yanke farce, ta ci karo da katin ƙwayar tazarar haihuwa. Har gobe ban yarda farce ya kai ta jakar nan ba. Kafin la'asar labari ya isa Funtuwa, kafin isha'i Hajiya, uwar maigida, ta kira ɗanta.

Shekara huɗu ina shan ƙwayar, da sanin maigida, tun da aka yi mini aiki a haihuwar auta likita ya ce in huta. Amma da uwarsa ta ɗaga murya sai ya zama kamar ranar ya fara ji. Na ajiye ƙwayar a makon da aka kulle Legas saboda korona, ƙarshen Maris na 2020. Muna ɗaki ciki da falo a Agege, yara uku a kaina, shi kuma cinikin albasa a kasuwar Mile 12 ya ja baya, kowa a wuya yake.

Wata na farko lafiya lau. Na biyu ciwon mara ya ɗan taɓa ni. Na uku kuwa a cikin danfo ya same ni, na taso daga Oshodi, ana ruwa, mota ta cushe ko motsi babu. Sai na ji kamar an sa hannu an murɗe mini mara ana matse wanki, ciwon ya zagaya ƙugu ya sauka cinyoyi. Na kifa goshi a ƙarfen kujerar gaba, zufa na bin hijabi. Wata Bayarabiya mai kwandon barkono ta yi ta ce mini "pele", wato sannu, ta saya mini ruwan leda ta taga. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Goggo, Allah Ya jiƙanta, kullum cewa take ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ita ce ke dafa mini citta da kanumfari tun ina 'yar shekara 14, lokacin da ciwon mara ke hana ni zuwa makaranta, tana cewa in na yi aure na haihu zai tafi. Na haihu, ya ragu, bai tafi ba. Sai da na fara ƙwayar ya ɓace ɗif, har na manta na taɓa yin sa.

To ga 'ya mace, Hajiya, a waya: "Jinin da kika ɗaure shekara huɗu ne yake neman hanya. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Na ce, "Haka ne, Hajiya." Me zan ce? Ina durƙushe a ƙasa, na cika robar lemo da ruwan zafi na naɗe a zani na danna a mara, ɗanta na zaune yana kallon bango.

Wata nas a asibitin unguwa ce ta warware mini. Ta ce, "Maman yara, babu jinin da ya taru." Ƙwayar tana hana ƙwai fita ne, tana kuma sa shimfiɗar cikin mahaifa ta zama siririya, shi ya sa jinin da nake gani bayan na gama ƙwaya 21 ɗan kaɗan ne, ba ciwo. Da na daina, jiki ya koma aikinsa, shimfiɗar ta yi kauri, mahaifa kuma sai ta matse kafin ta zubar da ita. Wani sinadari, furostagilandin, shi ke sa matsewar. Wato ciwona ne na da, ƙwayar ta lulluɓe shi kawai. Ta ce in sha ibuprofen da zarar na ji alama, bayan na ci abinci, ta kuma tambaya ko ina da olsa, don mai olsa ba ya sha. Ta tura ni hoton ciki saboda wani lokaci ƙari a mahaifa kan ɓuya a bayan irin wannan ciwo. Hoto ya fito ba komai.

Takardar hoton tana nan a ƙasan akwatina. Na so in aika wa Hajiya, maigida ya ce in rufa masa asiri. Na rufa. Ita ƙanwar tasa, bayan aurenta, ita ma ta kira ni cikin dare tana tambayar wace iri nake sha a da. Na gaya mata, ban ce komai ba, amma na daɗe ina kallon wayar. Ciwon 'ya mace, in ji Goggo.

Wata bakwai ciwon yana zuwa a kan lokacinsa. A na takwas na dafa ruwan zafi na jira, bai zo ba. Yadda Hajiya ta karɓi wannan labari sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.