Yoyon memori da masu maganin ristat

Mu aikinmu gyaran manhajar da wani ya rubuta ya gudu ya bari, ni da yarana uku. Duk cikin abin da ake kawo mana ba mai cin rai kamar yoyon memori, inda furogiram ke ta cin memorin kwamfuta ba ya saki, balle wanda eval ke jawowa, wato ka haɗa kod a matsayin rubutu zalla ka miƙa wa furogiram ya aiwatar yana tsaka da aiki.

Kwanaki wani kwastoma ya zo wai sabarsa, wato kwamfutar da manhajarsa ke gudu a kai, kullum sai ta yi nauyi ta suma. Ina buɗewa na ga tsohon kod ne na yaren PHP, an cusa wani umarni mai suna create_function a wurin da ake maimaitawa sau dubbai. Shi kuwa abin nan eval ne a cikinsa, duk kira ɗaya sai ya ƙera sabon fanshin, wato ɗan guntun kod mai aiki guda, lambda_1, lambda_2, haka dai har illa masha Allah, kuma ba ya sakin ko ɗaya sai furogiram ɗin ya mutu, to wannan ga shi dare da rana yake gudu. Ai ba banza masu PHP suka fara gargaɗi a sigar 7.2 ba, suka cire shi ɗungurungum a 8.0 cikin 2020.

To me gwanin da ya riga mu ya yi? Ya sa cron, manhajar da ke tada aiki a lokacin da aka sa mata, tana yi wa saba ristat duk sha biyun dare, ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. 'Yan kwafe da mannawa kenan, araha ba ado, su ke ɓata mana suna wallahi.

Ni ogana da ya koya min aikin nan, gaban top, manhajar da ke nuna memorin da kowane furogiram ke ci, ya zaunar da ni da biro da takarda, duk minti goma in rubuta memorin da aka ci. Na ji haushi ranar sosai. Ya ce yaro, in lamba na hawa ba ta sauka, wani ne ya riƙe kaya, nemo shi. A yaren JavaScript ma haka ne, in ka kira eval kai tsaye injin bai san me rubutun zai nema ba sai ya riƙe duk abin da ke wurin, mai kwashe shara, wato ɓangaren da ke sakin memorin da aka gama da shi, ya zo ya wuce bai taɓa ba.

Aikin kwastoman nan kuwa, kwana biyu muka yi, muka maida fanshin ɗin na gaske da ake ginawa sau ɗaya, memori ya tsaya cak. Kwastoma sai da ya yi ciniki, wai ai da RAM, wato memori, kawai ya ƙara, sannan ya roƙa a bar masa ristat ɗin daren nan ko da wani abu. Na cire.