Yadda muka sa hasken leza ya daina cin tsakiya

Duk wanda ya taɓa aiki da leza mai ƙarfi ya san hasken ba bai ɗaya yake fitowa ba, tsakiya ce ke kwashe zafin, gefe kuma sai raguwa yake har ya ɓace, ita ce siffar da ake kira ta Gauss. A daidai inda ake auna faɗin hasken, ƙarfinsa kashi 13.5 cikin ɗari ne kacal na abin da ke tsakiya. Mu kuma aikinmu cire siririn rufi ne daga kan ƙarfe da leza mai tsawon zangon haske nanomita 1064, to in ka ƙara wuta don gefe ya ciru sai tsakiya ta narke ta yi rami, in ka rage kuma gefe ya bar maka saura.

Sai muka saka gilashin nan na silika zalla da ake sassaƙa wa ƙananan matakala a fuska, ido ba ya ma ganinsu. Aikinsa ya ɗan jinkirta wani ɓangare na hasken, ta yadda in ya taru a fokas zai fito murabba'i mai shafaffen kai. A takarda dai abin ba wuya.

Gaskiya gilashin nan ɗan gata ne, abin da aka ƙera shi a kai kawai yake so. In hasken da ke shiga ya fi faɗin da aka tsara masa, sai ka ga ƙahoni sun tsiro a gefunan hoton, tsakiya ta lotsa. In ya kasa kuma sai kan ya koma ƙubba, wato ka dawo gidan jiya. In ka kauce daga tsakiyar gilashin ko da ɗan kaɗan ne saman ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Haka na zauna gaban kwamfuta ina kallon hoton hasken da kyamara ke ɗauka, ina murɗa sukurori biyu na madubin da ke karkatar da hasken a hankali a hankali, jan launi mai nuna wajen zafi na gudu daga hagu zuwa dama a allo, har sai da launin ya kwanta. Kuma lezar kanta sai mai tsaftar haske, M² ɗinta, wato ma'aunin tsaftar hasken, kusa da 1. In taka mai hargitsi ce kar ka ɓata lokaci, jerin ƙananan lens da ke yanka hasken su ɗora shi kan juna ya fi dacewa da ita, shi kuma in ka sa wa mai tsafta zane-zane zai yi maka.

Af, kar a kuskura a sa kyamara kai tsaye, toyewa za ta yi. Gilashi mara rufi yana dawo da wajen kashi 4 cikin ɗari, da shi muke tsakuro hasken sau biyu kafin ya kai kyamara. Tabarau kuma dole ne don wannan hasken ba a ganinsa.

Abin da ya fi ba ni wahala zafi ne. Shafaffen kan nan a waje ɗaya tak yake, ka matsa sama ko ƙasa kaɗan ya lalace. Mun saita komai a ƙaramar wuta tsaf, da muka buɗe ta gabaɗaya ba a jima ba siffar ta fara rikiɗewa. Ashe hayaƙin aikin ne ya yi wa gilashin kariya, wanda ke tsare lens daga datti, dusu-dusu, yana shan haske yana ɗumi, ya zama wani lens ɗin na daban yana jawo fokas sama.

Ko manyan ma da matsalar daidaita bazuwar haske suke fama. Tun 1984 masu bincike a Osaka suka fito da farantin da ke hargitsa haske da gangan don ya bazu daidai, cibiyar binciken NIF ta Amurka mai hasken leza 192 ma da jikokin farantin nan take aiki.

Yanzu ni sai injin ya yi ɗumi a cikakkiyar wuta nake auna siffar, kuma in ta canza, gilashin kariya nake fara cirowa in haska shi da tocila kafin in taɓa sukuro ko ɗaya.